Mashaidin da Ke Cikin Jini

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kance, ya ga yadda hunturu yake sauka da ƙurarsa a kan Matamaye har rana ta koma kamar tsohon faifan azurfa da aka daɗe ba a goge ba, sa'an nan ya ga bazara ta biyo baya da zafin nan nata mai tsaga leɓe da busar da hanci, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya sa tsofaffinmu, in yaro ya yi kukan ciwon kai a wannan tsakani, ba sa tambayar komai sai sun sa tafin hannu a ƙeyarsa sun sunkuyar da kan, su ga ko haɓa za ta taɓa ƙirji. In ta taɓa, sai a yi hamdala a ce masassara ce. In kuwa wuya ya ƙi, ya sandare kamar taɓarya, sai gida ya yi tsit, domin kowa ya gane baƙon da ya sauka, ko da yake ba mai son ya riga wani ambaton sunansa. Wannan awo na tafin hannu shi ne mafarin ilmin gane sankarau a ƙasarmu, kuma har gobe likitoci ba su bar shi ba. Abin da nake nufin kawowa shi ne tarihin awon da ya biyo bayansa, wanda ake yi da wani mashaidi da Allah ya halitta a cikin jinin mutum da na dabba, da yadda malaman bincike suka koyi kiransa ya ba da shaida, tun daga kan annobar bazara har zuwa kan wasu ƙananan ma'aikata masu gyaran rubutun halitta a cikin jikinmu.

Likitocin Turawa sun rubuta labarin babbar annobar sankarau a Arewacin Nijeriya a shekarar 1905, zamanin da gwamna yake zaune a Zungeru, kuma tun daga lokacin ta zama tana lafawa tana tasowa, wani lokaci bayan shekara biyar, wani lokaci bayan goma ko fiye. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, bayan ya tattara lissafin shekaru masu yawa, ya nuna cewa cutar tana da iyaka kamar yadda sarauta take da iyaka, watau tana bin wata ɗamara da ta ratsa nahiyar a kudancin hamada, inda ruwan shekara ba ya kasa milimita 300 kuma ba ya wuce 1,100; Matamaye da Magarya da Daura da Kano duk suna cikinta. Mutanenmu dai sun riga sun san lokacinta, sun kuma san cewa da zarar ruwan farko ya sauka ya kwantar da ƙura takan naɗe tabarmarta, kuma kafin zuwan allura sun yi iyakar ƙoƙarinsu da ƙahon wanzami da rubutun malam da saiwar boka. Abin da ya ɓuya ga kowa, har da likitocin farko, shi ne cewa baƙon nan dangi gare shi, kuma wanda ya zo bana ba lalle ne shi ya zo bara ba.

Tun 1887 Anton Weichselbaum ya ga ƙwayar cutar a birnin Biyana, a cikin ruwan laka na waɗanda ta kashe, tana zaune biyu-biyu kamar wake da aka ɓare. Daga baya aka tabbatar cewa kowace tana sanye da riga ta wani irin sukari, kuma da wannan riga ake rarraba su gida-gida, har aka sa wa masu tayar da annoba haruffa: A, B, C, W, X da Y. A ƙarƙashin madubin likita dukkansu kama ɗaya ne, magani ɗaya kuma yake kashe su. Amma allurar rigakafi tana koya wa jiki sanin riga ne, saboda haka wanda aka yi wa rigakafin gidan A, in ɗan gidan C ya zo, zai shiga ya iske ƙofa a buɗe. Ashe ke nan hukumar da za ta sayi rigakafi domin mutum dubu ɗari, wajibi ne ta san sunan gidan kafin ta kashe kuɗinta, kuma ido ba ya iya ba ta wannan suna.

Wanda ya iya bayarwa an same shi a Berlin a 1890, sa'ad da Emil von Behring da abokin aikinsa Kitasato Shibasaburo, mutumin Japan, suka nuna cewa in dabba ta haɗu da dafin cuta ta tsira, ruwan jininta yakan ɗauki wani abu mai karya wannan dafi, shi kaɗai ban da waninsa, har a iya ɗiba a yi wa wata dabbar magani da shi. Wannan abu shi ne Ingilishi suke kira antibodi, Faransawa kuma antikor, kuma siffarsa, kamar yadda aka gano daga baya, siffar gwafa ce mai baki biyu, kowane baki an sassaƙa shi daidai da wani gurbi guda a jikin abokin gaba. Behring ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta ilmin likita a 1901, saboda maganin mashaƙo da ake tacewa daga jinin doki. Kuma abin lura a nan shi ne, da mashaƙo ya ɓulla a gundumar Matamaye a watan Yulin 2023, a daidai lokacin da yake ta'adi a Kano, maganin da aka yi ta nema domin karya dafinsa shi ne dai wannan ruwan jinin doki, bayan shekara fiye da ɗari da talatin.

Amma fa'idar da ta fi shafar maganarmu ita ce ta biyu. Masana suka lura cewa abin da ba ya kama kowa sai mutum guda, ko bai yi yaƙi ba, ya isa ya yi shaida. Domin in ka zuba shi a cikin ruwan da kake tuhuma ya kama wani abu, ka sami bayyina cewa wanda kake nema yana ciki. Saura da me? Saura a ji muryar mashaidin, tun da shi da wanda ya kama duk sun fi ƙarfin ido. Albert Coons na Jami'ar Harvard ya warware wannan mas'ala a 1941, da ya ɗaura wa antibodi wani rini mai walƙiya, ya zama duk inda ya maƙale a jikin nama sai wurin ya haska a ƙarƙashin madubi. Kuma duk dabarun da suka biyo baya, da na rini da na layi a kan takarda, rassa ne na wannan hikima guda.

A ƙasar Hausa, Zariya ce ta fara ganin amfanin wannan shaida a kan sankarau. A 1970 wani saurayin likita daga Ingila, Brian Greenwood, ya kama aiki a sabuwar makarantar likitoci ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya iske annoba ta cika asibiti, kuma hanyar da aka sani ta gane ƙwayar ita ce a shuka ta a kan faranti a jira kwana ɗaya ko biyu ta tsiro, alhali ita ƙwaya ce mai raki, zafi yana kashe ta a hanya, in kuma an riga an yi wa majiyyaci allura ba ta tsirowa sam. Shi da Hilton Whittle da abokan aikinsu suka bayyana wata hanya a mujallar Lancet a 1971: a zuba wani abu mai daskarewa kamar kamu a kan gilashi, a huda ramuka biyu suna fuskantar juna, a ɗiga ruwan lakar majiyyaci a ɗaya, a ɗiga ruwan jinin dabba mai ɗauke da mashaidi a ɗayan, sa'an nan a saki wutar lantarki ta kora su zuwa ga juna. In rigar ƙwayar tana cikin ruwan, inda suka haɗu sai wani siririn farin layi ya fito cikin sa'a guda, ko da ƙwayar kanta ta daɗe da mutuwa, kamar yadda ake gane ɓarawo da rigar da ya yar a kan danga.

Sai dai mashaidin da ake ɗiba daga jinin zomo ko doki yana da aibi, domin taron jama'a ne masu baki daban-daban, kuma na zomon bana ba ya zama daidai da na zomon baɗi. A 1975, a Kambirij, Georges Köhler da César Milstein, mutumin Ajantina, suka haɗa ƙwayar saifar ɓera mai yin antibodi iri guda da ƙwayar ciwon daji wadda ba ta daina haihuwa, aka sami zuriya mai fitar da mashaidi ɗaya tak, mai magana ɗaya, har illa masha Allahu. An ba su Nobel a 1984. Irin wannan mashaidi ne ya isa Yamai, a cibiyar CERMES, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 domin binciken sankarau da tsargiya, ta koma hannun gwamnatin Nijar a 2002. Bukata kuwa ta riga ta matsa, domin bayan annobar 1996 ta gidan A, wadda ta kama mutum fiye da 250,000 a nahiyar ta kashe kamar 25,000, gidan W ya tashi a Burkina Faso a 2002, gidan X kuma ya bayyana a Nijar a 2006. A wannan shekara ta 2006 Suzanne Chanteau da ma'aikatan cibiyar, tare da Cibiyar Pasteur ta Faris, suka fitar da wasu 'yan tsinkayen takarda da aka shafa wa mashaidai, a tsoma su cikin ruwan laka, kafin minti goma sha biyar layi ya fito ya faɗi ko A ne, ko C, ko W, ko Y, ba tare da wuta ko madubi ba.

Na taɓa tsayawa a bakin ƙofar wani ɗakin likita na ƙauye da almuru, a tsakiyar bazara, an kwantar da yaro a gefensa an tanƙwara shi kamar baka, malamin likita ya lalubi tsakanin ƙasusuwan baya da babban yatsa, ya soka doguwar allura, ruwa ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Ya ɗaga ta saitin fitila. Ruwan mai lafiya garau yake kamar na sama, wannan kuwa ya yi fari-fari kamar tsarin gero. Kakar yaron, wadda take riƙe da ƙafafunsa, ta ce, "Ɗana, me ka gani?" Ya ce, "Inna, sankarau ne, yanzu za mu fara allura. Wannan kuma da na raba a ƙaramar kwalba Yamai za shi, a gano ko wane iri ne." Ta ce, "To, in ka san ciwon, ina ruwanka da sunan ubansa?" Ya yi shiru yana liƙa takarda a jikin kwalbar, sa'an nan ya ce, "Allurar ta jikanki ce, Inna. Sunan kuwa na 'ya'yan maƙwabta ne."

Gaskiyar malamin ta fito a tarihi. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010 ya kusan shafe gidan A, sai gidan C, wanda ya fara motsi a Sakkwato a 2013, ya afka wa Nijar a 2015 ya kama mutum wajen 8,500. Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 an ƙidaya mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce kan gaba da 342, Matamaye na bi mata da 98, kuma cikin 111 da ɗakin awo ya tabbatar, kusan duka gidan C ne. Da irin wannan hujja aka kai ga allurar da ta haɗa gida biyar, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a Maris 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar.

Harafi ɗaya ne ya raba sankarau da sankara a bakin Bahaushe, kuma a kan sankara, watau ciwon daji, mashaidin nan ya sami sabon aiki, wanda ba a fahimtarsa sai an san abin da yake nema. A cibiyar kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, igiya ce mai tufka biyu, an rubuta ta da haruffa huɗu kacal waɗanda yawansu ya kai miliyan 3,000, kowane harafi a tufka ɗaya yana da abokin da ya wajaba ya fuskance shi a ɗayar. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe littafin nan dukkansa, kuma wanda ya zauna a tsangaya ya san cewa ba almajirin da zai yi satu bai taɓa tsallake wasali ko ɗigo ba, shi ya sa ba a wanke allo sai an kai darasu alaramma ya bi ya gyara. To, jiki ma yana da alarammominsa, wasu furotin da ke bin rubutun suna muƙabala tsakanin tufka da tufka, in sun iske harafin da bai dace da abokinsa ba su kankare shi su mayar da daidai. Tomas Lindahl ya nuna cewa rubutun yana lalacewa da kansa sau dubbai kowace rana a ƙwaya guda; Aziz Sancar, mutumin Turkiyya daga lardin Mardin, ya bayyana yadda ake yanke ɓarnar da hasken rana ya yi; Paul Modrich kuma ya bayyana gyaran kuskuren kwafi; su uku suka raba Nobel ta ilmin sinadarai a 2015.

Kada mai karatu ya zaci wannan al'amari ya yi nisa da rumbunmu. Gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya, ita ce ta yi wa ƙasar Kance da Magarya arziki a zamanin da ake awonta ana kai wa Turai, kuma in ta sha laima a ajiya takan yi wata funfuna mai fitar da dafi da ake kira afalatoksin, wanda aka gano bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar da aka kawo daga Barazil. Dafin nan, in ya isa hanta, yakan maƙale a kan harafi guda na rubutun. In masu gyara sun riske shi su cire, in kuwa ya fi ƙarfinsu sai kuskuren ya zauna, kuma a 1991 aka gano tabonsa a wuri ɗaya na wata aya mai tsaron ƙwaya, p53, a cikin sankarar hanta ta mutanen kudancin Afirka da na Sin.

Yadda ake kiran mashaidi a kan masu gyaran kuwa ga shi. In likita ya yanko tsokar sankarar hanji, sai a jiƙa ta a formol, a daskarar da ita cikin kaki, a fere ta siriri ƙwarai, har sai an jera kamar ashirin kafin su kai kaurin gashi ɗaya, a shimfiɗa a kan gilashi. A ɗiga antibodin da aka horar a kan furotin guda daga cikin masu gyaran kuskuren kwafi, waɗanda ake kira MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2, a ba shi lokaci ya nemi mutuminsa, a wanke abin da bai kama ba, sa'an nan a ɗiga na biyu mai ɗauke da rini, wanda aikinsa ya kama na farkon. A ƙarshe a tsoma gilashin cikin wani shuɗin rini da ake samu daga itacen ƙasar Meksiko, tamkar dai aikin marina. Inda mai gyara yake, cibiyar ƙwaya takan yi ja-ja kamar tauna goro. Inda babu shi sai ta tsaya shuɗiya. Mai duba madubi, in ya ga ƙwayoyin sankara duk shuɗi, ba ya yanke hukunci sai ya waiwayi lafiyayyun ƙwayoyin da ke gefensu, domin in su ma ba su yi ja ba, to, awon ne ya lalace. In kuwa sun yi, ya tabbata alaramma ya bar wannan tsangaya. Amfanin sanin haka biyu ne: yana iya nuna gadon da Henry Lynch ya bayyana a 1966, har a gargaɗi 'yan'uwan majiyyaci su riƙa zuwa awo da wuri, kuma tun 2017 akwai magani, wanda shi ma antibodi ne, da aka yarda a ba masu irin wannan sankara. Wani bincike da asibitin koyarwa na Ile-Ife ya yi tare da wata cibiyar sankara ta New York, aka buga a 2021, ya sami alamar wannan rauni a majiyyatan Nijeriya kusan ninki biyu na abin da aka samu a can.

Malaman fiƙihu ba sa karɓar shaida sai bayan tazkiyya, watau sai an binciki adalcin mai ita, kuma ma'aikatan ɗakin awo, bayan sun sha wuya a hannun mashaidan zur da ake sayarwa cikin kwalabe masu tsada, sun dawo kan wannan ƙa'ida, domin kama da wane ba ta wane, kuma furotin da yawa suna da gurbin da ya yi kama da na juna. Hanyar tazkiyyar ita ce a kawo ƙwayoyi iri biyu, ɗaya lafiyayya, ɗaya kuma an cire mata ayar da ke yin furotin ɗin da gangan, a narke su, a jera abin da ke cikinsu bisa ga nauyi a kan takarda, bisa dabarar da Harry Towbin da abokansa suka fitar a Basel a 1979, sa'an nan a kira mashaidin. In ya nuna layi a daidai nauyin da ake tsammani a ta farko, ya yi shiru a ta biyu, an karɓe shi. In kuwa ya ce ya ga mutumin a gidan da aka san ba ya nan, sai a zubar da kwalbar komai tsadarta.

A 2021 Nijar ta buɗe ɗakin gashin sankara da haske na farko a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a Yamai, kuma aikin wannan haske shi ne ya tsinka rubutun ƙwayar sankara fiye da yadda masu gyaranta za su iya ɗinkewa, saboda haka tambayar ko suna nan ko ba sa nan ta zama tambayar majiyyatanmu. Sai dai tsakanin Damagaram da Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, mashaidin kuma yana son sanyi, yana son wutar da ba ta ɗaukewa, yana son hannun da ya ƙware. Sankarau ya ɗauki shekara 35 daga gilashin Zariya zuwa tsinken da za a iya tsomawa a ɗakin likitan ƙauye, kuma an kai ga haka ne domin an sami masu bincike da suka zauna a cikin ɗamarar suka sha ƙurarta. Awon masu gyaran rubutu yana inda na sankarau yake a 1971, a manyan birane, a hannun mutane ƙalilan. Tsokar da aka yanko a Matamaye kuwa, in an sami mai ɗaukar nauyi, har yanzu sai ta shiga kwalbar formol, ta bi ta Takeita ta kama hanyar yamma, masu ita su koma gida su jira. Allah ya sa cikin yaran da aka yi wa allurar gida biyar a samu waɗanda za su zauna a gaban madubin.